Sabon ganyen lemona ya ƙanƙance ya yi rawaya: ƙarancin zink ne, kuma yaya zan gyara?

"Malam, ina da ɗan lambu mai itatuwan lemo wajen 40, yawancinsu lemun zaƙi, sai 'yan tanjarin da lemun tsami. Shekararsu 6 da dasawa. Tun bara na lura sabon ganyen da suke fitarwa ƙanana ne, sirara, sun yi rawaya amma jijiyoyinsu kore. Wasu rassan sun fara bushewa daga baki, 'ya'yan ma sun ragu, waɗanda suka tsaya kuma ba sa girma. Na ƙara NPK, na zuba kashin kaji da toka, amma abin sai gaba yake yi. Wani ya ce mini ƙarancin zink ne. Gaskiya ne? In haka ne, a ƙasa zan zuba ko feshi zan yi, kuma nawa?"

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Tambayarka uku ce a haɗe: ko zink ne, ta ina za a ba itacen, kuma wane ma'auni. Akwai ta huɗu da ba ka yi ba, wadda a ganina ta fi sauran nauyi: me ya hana itatuwanka samun zink tun farko? Domin a mafi yawan lambunan da na shiga saboda wannan matsala, zink ɗin yana nan cikin ƙasa, itacen ne ya kasa ɗauka. Wanda bai gano abin da ya tare hanya ba, feshi zai yi ta yi shekara da shekaru.

Yadda ka kwatanta ganyen ya yi kama ƙwarai da ƙarancin zink, kuma lemo yana cikin itatuwan da suka fi saurin nuna shi a duk inda ake nomansa.

Abin da zink ke yi wa lemo

Kaɗan itace ke buƙata. A kilo ɗaya na busasshen ganyen lemo mai lafiya za a sami naitirojin wajen giram 25, amma zink miligiram 25 ya isa, wato kashi ɗaya cikin dubu na wancan. Sai dai wannan ɗan kaɗan ɗin ba shi da madadi. Da shi itace ke haɗa sinadarin da ke sa ganye ya buɗe, gaɓar reshe ta miƙe. Shi ya sa in ya yi ƙaranci ganye ke tsayawa ƙarami, siriri, mai tsini, yana kallon sama, gaɓoɓi kuma su matse har ganyayen su taru a bakin reshe kamar an ɗaure su tsintsiya. Zink kuma yana cikin abubuwan da ke kare ganye daga ɓarnar haske mai ƙarfi, don haka za ka ga ciwon ya fi tsanani a ɓangaren itacen da rana ta fi duka. Ka zagaya itatuwanka ka duba wannan. Alama ce mai taimako.

Wani hali na zink da ya kamata ka riƙe, domin duk maganin a kansa ya rataya: ba ya yawo sosai a jikin itace. Wanda ya shiga tsohon ganye, galibi can yake zama, ba ya komawa sabon toho. Shi ya sa alamar ke fitowa a sabon ganye, tsofaffin kuwa su tsaya kore shar kamar ba abin da ke faruwa.

An daɗe ana fama da wannan ciwo kafin a san sunansa. A 1926 ne wasu masu bincike, Sommer da Lipman, suka tabbatar cewa tsirrai ba sa rayuwa sai da zink. A farkon shekarun 1930 kuma, a Kalifoniya ta Amurka, masu bincike Chandler da Hoagland da Hibbard suna neman maganin ƙanƙancewar ganyen itatuwan marmari, suka ga gishirin ƙarfe na kasuwa yana warkar da shi. Da aka bincika, ashe ba ƙarfen ba ne, ɗan zink ne da ya gauraya a ciki. Ba a daɗe ba aka gwada a lemo, ya yi aiki, feshin zink ya zama abin yau da kullum a manyan gonakin lemo.

Kafin ka sayi komai, ka tabbatar

Rawayar ganye fuska ɗaya ce da cututtuka da yawa ke sakawa. Tsinko ganye goma daga sabon toho, goma daga tsofaffi, ka shimfiɗa su a inuwa ka duba da kyau.

In ƙarancin ƙarfe ne, shi ma a sabon ganye yake, amma ganyen bai cika ƙanƙancewa ba, kuma jijiyoyin suna fitowa sirara kamar raga a kan ganye mai fari-fari. In manganis ne, girman ganyen daidai yake, koren da ke bin jijiya ya fi faɗi, bambancin launin kuma bai kai na zink fitowa ba. Magniziyam a tsohon ganye yake, rawaya ta ci gefe da gefe ta bar kore mai siffar dala a gindin ganyen. Naitirojin kuwa duk itacen ne ke koɗewa, ba ruwansa da jijiya. Na zink shi ne mai haɗa abu biyu: rawaya mai haske tsakanin jijiyoyi, da ƙanƙancewa. Sau da yawa zink da manganis tare suke zuwa, domin abin da ke ɗaure ɗaya a ƙasa shi ke ɗaure ɗayan.

Wanda nake so ka fi tsoro shi ne cutar HLB, wadda ƙwayar bakteriya ke haddasawa, wasu ƙananan ƙwari masu tsotsar sabon toho suke yaɗa ta. Tana toshe hanyoyin abinci a jikin itace tana kashe ƙananan saiwoyi, sai itacen ya nuna ƙarancin zink na gaske, alhali tushen matsalar daban ne. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ita ce ka dubi jijiyar tsakiya ta raba ganye biyu. A ƙarancin zink, zanen dama da na hagu kusan iri ɗaya ne. A HLB tabon ba shi da tsari, nan kore can rawaya, gefe ɗaya bai yi kama da ɗayan ba. Sannan ka yanka 'ya'yan: in sun karkace gefe guda, ƙwayoyin ciki sun yamutse sun yi duhu, ɗanɗanon da ɗaci, 'ya'yan kuma suna zubowa kafin su nuna, to ka nemi malamin gona ya zo ya gani da idonsa. Cutar nan ba ta da magani har yanzu, kuma feshin zink zai iya ɗan gyara launin ganye ya ɓoye ta, tana can tana bazuwa zuwa sauran itatuwa.

In kana da hanyar kai samfuri ɗakin gwaji, gwajin ganye ya fi na ƙasa faɗin gaskiya a kan zink. Ana ɗibar ganye wajen 100 masu wata 4 zuwa 6, daga rassan da ba su ɗauke da 'ya'ya, a itatuwa 15 zuwa 20. In sakamakon ya nuna miligiram 25 zuwa 100 a kilo, lafiya lau. Daga 18 zuwa 24 ya yi ƙasa. Ƙasa da haka ƙaranci ne sosai. Amma kada ka kai ganyen da aka taɓa fesa wa zink ko maganin fangas irin mankozeb, domin abin da ya manne a bayan ganyen zai sa lissafi ya haura, ka ɗauka komai daidai ne.

Me ya tare hanya?

A nan ne tambayarka ta ba ni abin kamawa, domin abubuwa ukun da ka zuba, kowannensu yana iya ƙara dagula lamarin.

Babban mai ɗaure zink shi ne rashin tsamin ƙasa. Ma'aunin tsamin ƙasa shi ake kira pH, kuma in lambarsa tana hawa, tsamin raguwa yake yi. Lemo ya fi jin daɗin ƙasa mai pH tsakanin 6 da 6.5. Duk lokacin da pH ya hau da maki ɗaya, zink ɗin da ke narke a ruwan ƙasa yana iya raguwa har ninki 100. Ka ga ke nan ƙasa mai pH 7.5 ko 8 tana iya ƙunsar zink mai yawa, itace kuma yana tsaye a kanta da yunwa. Toka tana ɗaga pH, kuma da sauri. Mutane suna zuba ta da kyakkyawar niyya saboda fotash ɗin da ke cikinta, amma a gindin lemon da ya riga ya fara nuna wannan alama, ƙara wa wuta mai ne. Ka dakatar da ita yau.

Na biyu fosforas. In ya yi yawa yana rage zink ɗin da ke isa ganye, kuma yana korar wasu fangas masu amfani da ke zaune a saiwar lemo. Saiwar lemo ba ta da gashi sosai, ta dogara da waɗannan fangas su miƙa mata zararsu cikin ƙasa su jawo zink. NPK irin mai 15-15-15 yana ba da fosforas fiye da abin da babban itacen lemo ke buƙata, kuma fosforas ba ya wankewa, taruwa yake yi shekara bayan shekara. Kashin kaji shi ma yana da fosforas mai yawa, na kajin ƙwai kuma har da alli daga abincinsu. Ba ina cewa takin dabbobi abin ƙi ba ne. Ruɓaɓɓen taki daidai gwargwado yana gyara ƙasa, yana ma ɗauke da zink. Lafta shi ne illa. Tun a binciken farko an lura cewa itatuwan da aka dasa a tsohon makwancin dabbobi su suka fi kamuwa.

Sai ruwa. Ruwan rijiya ko burtsatse mai alli da yawa, wanda ke barin farin tabo a bakin bututu, a hankali yake ɗaga pH a daidai inda saiwa take. Ƙasar da ruwa ke kwanciya a kanta kuma saiwa ba ta samun iska, sai ruɓa ta shiga. Akwai kuma ƙananan tsutsotsin saiwa da ido ba ya gani, da noma mai zurfi a gindin itace wanda ke datse ƙananan saiwoyi, tunda yawancinsu a saman ƙasa suke. Ƙasa mai rairayi sosai, ko wadda aka kankare samanta wajen daidaita fili, ita ce galibi za a ce zink ɗin da kansa ya yi kaɗan.

Na taɓa shiga wani lambu da layi biyu kawai suka kamu, sauran lafiyarsu ƙalau, iri ɗaya, shekaru ɗaya, taki ɗaya. Mai lambun ya yi feshi sau biyu, su farfaɗo su koma. Da muka tona gindin guda, sai ga ɓaraguzan siminti da farar ƙasa na wani tsohon gini da aka baje a wurin kafin a yi dashe. Tun daga ranar ba na ba da shawarar feshi sai na ga an tona. Kai ma ka tona rami mai zurfin kamu biyu a daidai inda inuwar rassa ta ƙare. Saiwa mai lafiya fara-fara ce, da ƙarfi. In ka ja ta ɓawonta ya saɓule ya bar zare, ruɓa ce. Ka ɗebi ƙasar ramin ka ɗiga mata ruwan khal: in ta yi kumfa tana tsuwa, akwai alli a cikinta, kuma wannan zai yanke maka hukuncin tambayarka ta biyu.

Feshi ko zubawa a ƙasa?

Feshi, aƙalla a wannan shekarar. A ƙasa mai alli, zink ɗin da ka zuba yana ɗaurewa kafin saiwa ta same shi, kamar ka ba da ajiya ga wanda ba ya mayarwa. Ta ganye kuwa kai tsaye yake shiga.

Abin da aka fi samu shi ne zink salfet, kuma iri biyu ne. Akwai mai kama da ƙanƙarar gishiri, wanda zink ɗinsa kashi 21 zuwa 23 cikin 100 ne, akwai mai gari ko ƙwaya wanda ya kai kashi 35. Ka karanta jikin buhu. Ma'aunin da zan faɗa na mai kashi 22 ne; in mai 35 ka samu, ka ɗauki kashi biyu cikin uku na abin da na ce.

Ni da giram 1.5 zuwa 2 a litar ruwa nake farawa, wato giram 24 zuwa 32 a injin goyo mai lita 16. Wannan bai cika ƙona ganye ba. In ciwon ya yi tsanani kamar naka, ana hawa zuwa giram 5 a lita, amma da sharaɗin a haɗa da farar ƙasa jiƙaƙƙiya (wadda ake kira hydrated lime da Turanci) rabin nauyinsa, domin ta kashe kaifinsa: giram 80 na zink salfet da giram 40 na farar ƙasa a lita 16. Kowanne ka narka shi daban a bokitin roba, ka tace na farar ƙasar da ƙyalle don kada ya toshe bakin injin, sannan ka haɗa su a cikin tanki mai rabin ruwa, ka cika, kana girgizawa lokaci-lokaci. Giram 5 a lita ba tare da farar ƙasa ba yana iya babbake sabon toho ya zubar da ganye, na gani ba sau ɗaya ba. In ka ga alamar manganis tare, ƙara manganis salfet giram 1 a lita. A haɗin farko mai sauƙi, wanda ba farar ƙasa a cikinsa, ɗan yuriya giram 5 a lita yana taimaka wa ganye ya sha, amma sai irin wanda aka yi don feshi, mai ƙarancin bayuret (wani sinadari da ke gauraye a cikin yuriya), domin lemo ba ya jure bayuret, bakin ganyensa rawaya yake yi. Kada ka haɗa zink salfet da takin feshi mai fosforas a tanki ɗaya. Za su dunƙule su kwanta, ka yi asarar duka biyun. Akwai kuma zink mai EDTA, wanda aka lulluɓe shi don kada ya ɗaure. Yana da laushi a kan ganye, sai ka bi ma'aunin da ke jikin kwalinsa. Don Allah ka auna da sikeli, kada ka yi da cokali ko tafin hannu.

Lokaci ya fi ma'auni muhimmanci, kuma a nan mutane suka fi faɗuwa. Ka jira itacen ya yi sabon toho, ganyen ya kai kashi biyu cikin uku na girmansa, yana da laushi bai yi kauri ba. A lokacin fatarsa ba ta yi ƙarfi ba, yana sha da kyau, kuma yana da sauran girman da zink zai taimaka masa. In ka fesa a tsohon ganye mai sheƙi, kaɗan ne zai shiga, wanda ya shiga kuma ba zai koma tohon da ke tafe ba. Saboda haka feshi ɗaya ba ya ɗaukar shekara. Lemo yana toho sau biyu zuwa huɗu a shekara gwargwadon yanayi da ban-ruwa, lemun tsami ma ya fi haka. A shekarar farko ka bi kowane babban toho da feshinsa. In sun murmure, sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar.

Ka yi ban-ruwa kwana ɗaya ko biyu kafin feshi, domin itace mai ƙishi ya fi saurin ƙonewa. Ka fesa da sassafe ko da yamma lis, ba cikin zafin rana ba, ba kuma lokacin da hadari ya haɗo ba. Ka jiƙa ganye sama da ƙasa har ya kusa ɗiga, musamman bakin rassa. In fure ya buɗe sosai, ka ɗan jinkirta har ya zube. Ka sa safar hannu ka kare idonka, kuma kada ka wanke injin a tafki ko rafi, zink guba ne ga kifi.

Zubawa a ƙasa tana da wurinta. In ƙasarka mai rairayi ce, ba ta yi kumfa da ruwan khal ba, pH kuma bai wuce 6.5 ba, zink salfet giram 50 zuwa 100 ga kowane itace mai shekarun naka yana aiki. Ka cuɗa shi da ruɓaɓɓen taki, ka zuba a zagaye daidai ƙarshen inuwar rassa, ka rufe da ƙasa sama-sama, ka ba da ruwa. Ba ya nuna sakamako da wuri, amma yana ɗaukar shekara biyu zuwa uku. Kada ka maimaita kowace shekara, domin zink in ya taru ba ya fita, kuma yawansa yana jawo ƙarancin ƙarfe.

Wasu za su ce ka kafa ƙusa mai rufin zink a jikin itace. An yi hakan a da, amma rauni ne kake buɗe wa cuta, ga feshi mai sauƙi a hannunka.

Gyaran ƙasa kuwa aikin haƙuri ne. Ka bar toka, ka rage kashin kaji, ka sauya NPK mai fosforas da yawa zuwa takin da ya fi ƙarfi a naitirojin da fotash. Amoniyam salfet yana ƙara wa ƙasa tsami a hankali, don haka ya dace da irin wannan wuri. Garin farar wuta ma yana sauke pH, sai dai yana ɗaukar watanni, tunda ƙwayoyin halittar ƙasa ne ke sarrafa shi. Amma in ƙasar cike take da alli tun asali, ba za ka iya canza ta ba. Allin zai cinye duk tsamin da ka zuba. A irin wannan lambu feshin zink ya zama aikin kowace shekara, kamar yadda ake ba da taki. Ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙarƙashin rassa, kada ta taɓa jikin itacen, ka daina kai fartanya da zurfi a gindi, ka kuma buɗe wa ruwa hanya in yana kwanciya.

Abin da za ka gani, da abin da ba za ka gani ba

Ganyen da ya riga ya ƙanƙance ya yi kauri ba zai ƙara girma ba. Zai iya yin ɗigo-ɗigon kore a inda ruwan feshin ya sauka cikin 'yan makonni, wannan kuma alama ce mai kyau, tana nuna zink ɗin ne yake nema. Hukunci na gaske yana ga tohon da aka fesa yana ƙarami da wanda zai biyo baya: ganye mai faɗi, gaɓoɓi masu tazara. 'Ya'yan da ke kai yanzu ba za su canza sosai ba, sai na zagaye mai zuwa. Busassun rassa ka bari sai sabon toho mai lafiya ya fito, sannan ka yanke su zuwa inda itacen yake ɗanye.

Ban ga itatuwanka ba, da kwatancenka kawai nake aiki, kuma ganye yana iya ruɗin wanda ke tsaye a gabansa ma. Don haka ga abin da zan so ka yi. Ka fara gwada haɗin a itace biyu, ka jira kwana uku zuwa huɗu ka ga ko ya ƙona. In lafiya, ka fesa sauran, amma ka ware itatuwa uku masu ciwo daidai da na saura, ka ɗaura musu ƙyalle, kada ka fesa su a wannan zagayen. Bayan mako shida zuwa takwas ka tsinko ganye daga ɓangarorin biyu ka jera. In waɗanda aka fesa sun yi fintinkau, ka sami amsarka, sai ka haɗa da ukun nan a toho na gaba. In duk ɗaya suke, kada ka ƙara ma'auni. Ka koma ga saiwa da zanen ganye da yankakkun 'ya'ya, ka sake rubuto mini abin da ka gani a ramin da ka tona, da abin da ƙasar ta yi da ka ɗiga mata ruwan khal.